Kare Yana Ci Yana Ramewa: Bitamin da Hanjin da Ya Daɗe da Ciwo

Duk wanda ya taɓa jinyar karen da cikinsa ya ƙi daidaita ya san yadda abin yake tafiya. Yau kashi ya ɗan ɗaure, jibi ya koma ruwa. Wannan mako amai ne da asuba, mako mai zuwa ƙugin ciki ne da tusa mai tayar da mutum daga ɗaki. Kwano yana ƙarewa tas, amma haƙarƙari sai ƙara fitowa yake yi, gashi ya dushe, karen da a da ba ya zama wuri ɗaya ya koma sai kwanciya. A irin wannan hali, abin da ke fara faɗo wa mai kare a rai shi ne bitamin. A samo kwalbar nan mai ɗauke da komai da komai, a riƙa jefa masa ƙwaya ɗaya kullum ko ya murmure.

Tunanin yana da rabin gaskiya. Karen da hanjinsa ya daɗe da ciwo yakan rasa wasu bitamin, kuma rashin yakan yi masa illar da ta kai ta ciwon kansa. Inda aka kauce hanya shi ne zaton cewa daga kwano aka samu giɓin. Yawancin irin waɗannan karnuka suna cin isasshen bitamin. Abin da ya lalace shi ne hanyar da bitamin ke bi daga hanji ya shiga jini, kuma kowane bitamin da tasa hanyar. Shi ya sa ƙwaya ɗaya mai ɗan kaɗan na kowane iri ba ta cika biyan buƙata ba: wanda ake nema da yawa ta kawo shi ƙalilan, wanda ba a nema ta ƙara shi.

Likitocin dabbobi sukan kira ciwon ciki daɗaɗɗe idan zawo, amai, rashin ci ko rama suka wuce mako 3, bayan an tabbatar ba tsutsar ciki ba ce, ba ciwon ƙoda ko hanta ba ne, ba kuma matsalar sinadaran jiki irin cutar Addison ba ce. Daga nan sai a kasa karnukan bisa abin da ya yi musu magani. Fiye da rabi sukan samu sauƙi da sauya abinci kawai. Wasu sai an gyara zaman ƙwayoyin bakteriyar hanjinsu, wasu sai an danne garkuwar jiki da magani irin su firednisolon, wasu kuma ba abin da suke ji. Akwai rukuni mafi tsanani, wanda hanjinsa ke yoyon furotin daga jini zuwa kashi. Sai kuma wata cuta ta daban da ke kama da su a ido, wato gazawar fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance kusa da tumbi tana tsiyayo ruwan narkar da abinci cikin hanji. Batun bitamin ya shafe su duka, amma ba ta fuska ɗaya ba.

A cikin bitamin duka, B12 ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sunansa na asibiti kobalamin, saboda ƙwayar ƙarfen kobal da ke tsakiyarsa, kuma ja ne jawur idan aka zuƙo shi a sirinji. Ba dabba ba ce ke ƙera shi, ba tsiro ba. Bakteriya ce kaɗai ke yin sa, kare kuma yana samun sa ta nama, hanta, ƙwai da makamantansu. Tafiyarsa a ciki tafi ta kowane bitamin tsawo da sarƙaƙiya. A tumbi, asid da sinadaran narkarwa ne ke ɓamɓare shi daga furotin ɗin abinci, nan take wani furotin na jiki ya rungume shi. Da suka isa farkon ƙaramin hanji, ruwan fankiriyas ya narkar da wannan mai riƙon, sai B12 ya koma hannun wani furotin na musamman, wanda zan kira ɗan rakiya a nan, likitoci kuma suna ce masa intirinsik fakto. Ɗan rakiya ne ke tafiya da shi har can ƙarshen ƙaramin hanji, sashen da ake kira iliyam, inda akwai wata ƙofa a jikin bangon hanji da ba ta buɗe wa B12 sai in ta gan shi tare da ɗan rakiyar.

A jikin mutum tumbi ne ke samar da ɗan rakiya. A jikin kare kuwa mafi yawansa daga fankiriyas yake fitowa. Wannan bambanci ɗaya ya isa ya bayyana dalilin da kusan huɗu cikin biyar na karnukan da fankiriyas ɗinsu ya gaza ake samun su da ƙarancin B12, ya kuma bayyana abin da ke ɗaure wa masu su kai: an fara zuba garin sinadaran narkarwa a abinci, kashi ya gyaru, amma kare ya ƙi komawa hayyacinsa. Garin yana maye gurbin ruwan narkarwa ne, ba ya isar da B12 ƙofarsa. Irin karen da aka fi gani da wannan cuta shi ne Jaman Shefad, kuma alamunta ba sa bayyana sai kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin gaɓar ya tafi. Gwajin jinin da ake kira TLI ne ke gano ta.

Hanyar takan katse a wasu wurare biyu kuma. In kumburi ya kama iliyam, ƙofofin sukan ragu ko su lalace, sai bitamin ya iso tare da ɗan rakiyarsa ya tarar ba mai karɓa. In kuma bakteriyar ƙaramin hanji ta yi yawa ko zamanta ya rikice, wasu daga cikinta sukan ƙwace B12 su yi amfani da shi tun kafin ya kai. Mutum zai iya cewa ai bakteriyar babban hanji ma tana ƙera B12, me zai hana kare ya amfana? Dalili shi ne babban hanji yana bayan ƙofa ne. Abin da aka ƙera a can kashi yake bi.

Wani abu a gefe, da nake ganin bai kamata a tsallake ba: kare yana cikin tarihin gano wannan bitamin tun farko. George Whipple, a Amurka, ya yi gwaji da karnukan da aka rage wa jini, ya ga ciyar da su hanta ya fi komai saurin mayar musu da jinin. Wannan ne ya sa George Minot da William Murphy suka gwada hanta a kan mutane masu wani mugun ƙarancin jini da a lokacin ke kisa, suka kuwa warke. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel a 1934. Daga baya aka gane cewa sinadarin ƙarfe na cikin hantar ne ya taimaki karnukan Whipple, abin da ya warkar da mutanen kuma wani abu ne daban, wanda ba a iya tace shi ba sai a 1948. Shi ne B12.

Me rashinsa ke yi wa kare? Sinadarai biyu masu gudanar da aiki a cikin ƙwayoyin halitta ba sa motsi sai da shi. Ɗaya yana da hannu a gina kayan gadon da kowace sabuwar ƙwayar halitta ke buƙata, ɗayan kuma yana sarrafa wasu ɓurɓushin furotin da maiƙo su zama ƙarfi. Saboda haka sassan jikin da ke yawan sabunta kansu ne ke fara jigata, wato ɓargo da fatar cikin hanji, wadda ke sauya kanta gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. A nan gizo ke saƙar. Ciwon hanji ya jawo ƙarancin B12, ƙarancin B12 ya hana hanji gyara kansa, 'yan tsirarun yatsun da ke tsotsar abinci a bangonsa su daɗa gajarta, tsotsar ta daɗa raguwa. Karen da ya faɗa wannan rami zai iya samun abincin da ya dace da maganin da ya dace, amma ya ƙi jin sauƙi har sai an cike giɓin.

Alamun kuma ba su da wata sheda ta kansu. Rashin ci, kasala, rama, zawo: duk abubuwan da ciwon asali ke kawowa ne. In abin ya yi nisa, akan ga ƙarancin jini, raguwar fararen ƙwayoyin jini, wani lokaci har taruwar amoniya a jini da ke sa kare ya rikice ko ya yi jijjiga. Ba a gane shi da kallo, sai da gwaji.

Muhimmancin gwajin ya fito fili a wani bincike da Karin Allenspach da abokan aikinta suka wallafa a 2007, bayan bin karnuka 70 masu daɗaɗɗen ciwon hanji a jami'ar Bern ta Suwizalan. Daga cikin abubuwan da suka fi nuna cewa jinya za ta yi wuya har da ƙarancin furotin ɗin albumin a jini da faɗuwar B12 ƙasa da nanogiram 200 a kowace litar jini. A karnuka masu gazawar fankiriyas ma an ga cewa waɗanda B12 ɗinsu ya faɗi ƙasa sosai ba sa yin tsawon ran sauran. Ke nan sakamakon gwajin yana amsa tambaya biyu a lokaci guda: ko a ba da bitamin, da kuma ko ciwon ya ci ƙarshen hanji. Likitan da ke shirin leƙa hanji da na'ura don ɗebo ɗan yanki, in ya ga B12 a ƙasa, ya san kada ya tsaya a farkon hanji, sai ya kai ga iliyam.

Karatun sakamakon yana da nasa tarko. Ɗakin gwajin cututtukan ciki na jami'ar Texas A&M ta Amurka, wanda likitoci a ƙasashe da dama ke dogara da ma'auninsa, ya sanya iyakar lafiya ga kare tsakanin nanogiram 251 da 908 a lita. Sai dai abin da ke yawo a jini ba shi ne abin da ke cikin ƙwayoyin halitta ba. Akwai karnukan da adadin B12 ɗinsu ke cikin iyakar, can kusa da gindi, amma ƙwayoyinsu sun riga sun fara yunwa. Ana gane haka ta auna wani asid da ake taƙaita sunansa da MMA, wanda ke taruwa idan aikin B12 ya tsaya, amma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Shi ya sa shawarar da aka fi bi ita ce a fara ba da bitamin ga kare mai ciwon ciki da zarar ya sauka ƙasa da 400, ba sai an jira ya fita daga iyaka ba. A ganina wannan hukunci ne mai ma'ana, domin B12 na cikin bitamin masu narkewa a ruwa, rarar sa fitsari take bi, kuma ba a san shi da yi wa kare guba ba. Kuskuren bayarwa ba bisa buƙata ba ya fi kuskuren hanawa sauƙi nesa ba kusa ba. Ana ɗibar jinin ne bayan kare ya kwana bai ci ba, kuma a ɗiba tun kafin a fara bayarwa, in ba haka ba an ɓata sawun.

Shekaru da yawa an yi imani cewa allura ce kaɗai mafita. Hujjar a bayyane take: in ƙofa ta lalace, mene ne amfanin aiko da kaya ta baki? Tsarin da aka saba shi ne allurar ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako har mako 6, sai ƙarin guda bayan kwana 30, sai a sake gwaji bayan wasu kwana 30. Yawan abin da ake yi ya danganta da girman kare, daga maikirogiram 250 ga ƙanana har zuwa 1,500 ga manya ƙwarai. A lura cewa allurar da ke haɗe da dukan dangin bitamin B ba ta tsaya a madadin wannan ba. B12 ɗin cikinta bai taka kara ya karya ba, ga ta kuma da zafi.

Linda Toresson, likitar dabbobi a Suwidin, ita ce ta girgiza wannan imani. A 2016 ita da abokan aikinta suka nuna cewa karnuka masu daɗaɗɗen ciwon hanji da aka riƙa ba ƙwayar B12 kullum ta baki, adadin B12 ɗin jininsu ya hau sosai. A 2018 suka biyo da gwajin da ya kwatanta ƙwaya da allura kai tsaye, duka biyun suka yi aiki. Bayanin da ake bayarwa an aro shi ne daga abin da aka sani a jikin mutum: kusan kashi 1 cikin ɗari na B12 da aka haɗiya yana iya ratsa bangon hanji da kansa, ba ɗan rakiya, ba ƙofa. A abinci na yau da kullum wannan kaso ba komai ba ne. Amma in aka ba da ninkin ba ninkin abin da jiki ke buƙata, kashi ɗayan nan ya wadatar. Ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne rubu'in miligiram ga karen da bai wuce kilo 10 ba, rabin miligiram ga mai kilo 10 zuwa 20, miligiram guda ga wanda ya haura haka, kullum. Akan ci gaba har mako 12 kafin a sake aunawa.

A nan ne kuma ake gane dalilin da kwalbar komai da komai ba ta aiki. B12 ɗin da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi an auna shi ne don mai lafiyayyen hanji, 'yan maikirogiram kaɗan. Kashi ɗaya cikin ɗari na ɗan kaɗan daidai yake da babu.

Ƙwaya ko allura? Ni dai ba na ganin ɗaya ta kori ɗaya. Karen da ke amai, wanda ba ya ci, wanda adadinsa ya kai ƙasan da na'ura ba ta iya karantawa, ko wanda ya fara nuna alamun ƙwaƙwalwa, allura ta fi masa, aƙalla a farko. Wanda ke ci lafiya lau kuma zuwa asibiti ke firgita shi, ƙwaya ta ishe shi, da sharaɗin mai shi ba zai riƙa tsallake kwanaki ba. Wata 3 na ba da ƙwaya kowace rana ya fi wuya a aikace fiye da yadda yake a baki.

Akwai 'yan karnuka da nasu rashin na gado ne. An haife su da ƙofar a toshe, sakamakon tangarɗa a ɗaya daga cikin furotin biyu da suka haɗu suka yi ta. An tabbatar da haka a irin Jayan Shinauza, Boda Koli, Bigul da Ostireliyan Shefad. Kwikwiyo ne da ke ƙin girma, ba ya son ci, kullum a sanyaye, a yi ta ba shi maganin tsutsa a banza. Da an fara ba shi B12 sai ya miƙe cikin makonni, amma shi har ƙarshen rayuwa zai riƙa karɓa. Irin Sha-Fei na ƙasar Sin ma an san su da yawan ƙarancin B12.

Folet, wato bitamin B9, kusan kullum tare da B12 ake auna shi, amma ya fi amfani a matsayin ɗan leƙen asiri fiye da abin da ake gaggawar cikewa. A farkon ƙaramin hanji ake tsotsar sa, don haka faɗuwarsa na nuna cewa ciwon ya taɓa can. In shi da B12 suka faɗi tare, akwai yiwuwar ciwon ya mamaye hanjin daga sama har ƙasa. In ya hau sama alhali B12 ya sauka, a da akan ce bakteriya ce ta yi yawa, tunda tana ƙera folet tana cinye B12, amma wannan alama ba ta da ƙarfin da za a gina hukunci a kanta ita kaɗai. Ko fashewar jajayen ƙwayoyin jini a cikin kwalbar gwaji na iya ɗaga shi, domin cike suke da folet. Idan ya yi ƙasa ana ba da maikirogiram 200 zuwa 400 kullum na kimanin wata guda. Maganin kumburin babban hanji mai suna salfasalazin yana rage tsotsarsa, abin lura ne ga karen da ya daɗe a kansa.

Duk sassaucin da na yi a kan B12, da an zo kan bitamin masu narkewa a maiƙo sai in janye shi. Su huɗu ne: A, D, E da K. Ba sa shiga jiki sai tare da kitsen abinci, kitse kuma yana buƙatar ruwan matsarmama, ruwan fankiriyas da lafiyayyun hanyoyin ruwan limfa a bangon hanji, wato siraran hanyoyin da ke ɗaukar kitsen daga hanji zuwa jini. A karnukan da waɗannan hanyoyi suka buɗe suna yoyo, cutar da aka fi gani a ƙananan karnuka irin Yokshaya teriya, kitsen da bitamin ɗinsa duk waje suke yi. Ga shi kuma maganin cutar shi ne abinci mai ƙarancin kitse ƙwarai, wanda ke daɗa ƙuntata hanyar. Bambancinsu da B12 shi ne rarar su ba ta fita a fitsari. Jiki ajiye ta yake yi.

Bitamin D ne ya fi damuna a cikinsu. Mutum yana ƙera shi a fatarsa in ya sha rana, kare kuwa ba ya iya yin abin kirki ta wannan hanya, dole sai ta abinci. Saboda haka shanya mara lafiya a rana ba zai ƙara masa komai ba. Masu bincike a jami'ar Edinbara ta Sikotlan sun ruwaito a 2015 cewa karnuka masu daɗaɗɗen ciwon hanji da bitamin D ɗinsu ke ƙasa tun ranar da aka gano ciwon sun fi fuskantar mummunan ƙarshe. A masu yoyon furotin abin ya fi muni, domin furotin ɗin da ke ɗauke da bitamin D a jini shi ma yana cikin abin da ke zubewa. In D ya yi ƙasa, tsotsar kalsiyam ta ragu. In maganiziyam ma ya yi ƙasa, kamar yadda yakan faru, sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jiki sai ya kasa aiki. Sakamakon shi ne rawar tsoka, sosa fuska, taurin gaɓoɓi, har da faɗuwa irin ta farfaɗiya, a karen da aka kawo shi don zawo.

Wannan sai ya sa mutum ya ce to a ba kowa bitamin D mana. A'a. Da farko, binciken ya nuna cewa ƙarancin D da tsananin ciwo suna tafiya tare, bai nuna cewa cike D kaɗai zai juya ciwon ba. Na biyu, tazarar da ke tsakanin magani da guba a nan ƙanƙanuwa ce. Kolekalsiferol, wato bitamin D3 ɗin da ke cikin kwalba, shi ne ainihin sinadarin da ake haɗa wani nau'in gubar ɓera da shi. Yawansa yana ɗaga kalsiyam da fosfaras a jini har su daskare a ƙoda, jijiyoyin jini da zuciya, kuma da yake yana maƙale a kitsen jiki, gubar takan ɗauki makonni kafin ta sauka. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da janye wasu nau'o'in abincin karnuka daga kasuwa saboda bitamin D ya yi musu yawa, wasu har kusan ninki 70 na abin da aka nufa, karnuka da dama kuma suka kamu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Hanyar da ta dace ita ce a auna kalsiyam mai aiki a jini, ba jimillarsa ba, domin jimillar takan faɗi kawai saboda albumin ya faɗi. In ya tabbata yana ƙasa, likita yakan zaɓi kalsitirayol, nau'in D da ya riga ya zama mai aiki, wanda da nanogiram ake auna shi, ya kuma riƙa maimaita gwaji, musamman idan hanji ya fara warkewa, tunda adadin da ya dace jiya zai iya zama guba gobe.

Bitamin K ba a yawan rasa shi, amma in aka rasa shi ba ya ba da lokaci. Hanta na buƙatarsa don haɗa huɗu daga cikin sinadaran da ke tsayar da jini. Rashin tsotsar kitse, toshewar hanyar matsarmama, da daɗewa a kan maganin kashe bakteriya, su ne ke haɗuwa su jawo shi. Tabon jini a ƙarƙashin fata, jini a dasashi ko baƙin kashi kamar kwalta, alamu ne na a garzaya asibiti. Ana ba da K1 ta baki ko ƙarƙashin fata, ba a son yin sa ta jijiya saboda yakan jawo mummunan borin jini. Abin mamaki, karnuka masu yoyon furotin sun fi fuskantar akasin haka, wato jini ya yi guda a cikin jijiya, don haka ba bitamin ba ne da za a ba su da ka. Bitamin E da A sukan yi ƙasa a masu gazawar fankiriyas, wasu likitoci kuma kan ƙara E na ɗan lokaci. Bitamin C kuwa kare yana ƙera abinsa a hanta.

Akwai haɗari biyu da ba daga bitamin ɗin suke zuwa ba, daga abin da aka cuɗa shi da shi ne. Ƙwayoyin bitamin na mutane, musamman na taunawa da masu narkewa a baki, wasunsu na ɗauke da zailitol, wani abin zaƙi da ba ya cutar da mutum amma yana sa sukarin jinin kare ya faɗi warwas cikin ƙanƙanin lokaci, yana kuma iya lalata hanta. Masu sinadarin ƙarfe da yawa, irin na masu juna biyu, su ma guba ne in kare ya samu kwalbar ya cinye. Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Karen da aka ɗora a kan abincin gwaji, wanda aka farfasa furotin ɗinsa ko aka zaɓo naman da bai taɓa ci ba, ana so ne a gano ko abinci ke tayar masa da hanji. Ƙwayar bitamin ta karnuka mai ɗanɗanon naman sa ko kaza na iya rushe makonnin gwajin nan ba tare da kowa ya lura ba, a yanke hukuncin cewa abinci bai yi aiki ba, a wuce zuwa magunguna masu nauyi. Duk abin da zai shiga bakinsa a wannan lokaci, a karanta abin da aka haɗa shi da shi.

Wuri ɗaya da nake ganin haɗaɗɗen bitamin da ma'adinai ya zama dole shi ne inda ake dafa wa kare abinci a gida. Sau da yawa akan fara da nama iri ɗaya da abu mai sitaci iri ɗaya, kashi ya gyaru, mai kare ya ji tsoron sauya komai, a shekara a haka. Na 'yan makonni ba laifi ga babban kare. Na watanni kuwa, a nan ne giɓin ya zama na kwano da gaske: kalsiyam, zink, bitamin D, bitamin E. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun duba tsarin girki 200 na abincin karnuka a 2013, suka tarar kashi 95 cikin ɗari sun gaza a aƙalla sinadari ɗaya da jiki ke buƙata. Irin wannan kare yana buƙatar haɗin da masanin abincin dabbobi ya auna daidai da girkin, ba wanda aka ɗauko don kyan kwali ba.

Sai batun yaushe za a daina B12, wanda gwajin bayan magani ne ke yanke shi. Abin da ake so a gani shi ne adadi ya haura saman iyaka, domin hakan ke nuna rumbun hanta ya cika. In ya tsaya a tsakiyar iyaka kawai bayan duk allurai ko wata 3 na ƙwaya, to jiki na ci gaba da zubarwa, sai a ci gaba da bayarwa aƙalla sau ɗaya a wata in allura ce. In har yanzu yana ƙasa, sai a koma kan ciwon asali a sake bincike, a kuma matso da allurar zuwa kowane mako ko mako biyu. Masu gazawar fankiriyas da yawa ba sa rabuwa da shi. Wanda sauya abinci ya warkar da hanjinsa yakan iya dainawa, amma ajiyar kare ba ta kai ta mutum daɗewa ba, wadda ke iya riƙe shi shekaru. Don haka akan sake aunawa bayan 'yan watanni, kuma in ci ya fara raguwa ko kashi ya fara saki, B12 na cikin abubuwan farko da za a duba.